Safar Hannu: Tarihin Sana'ar Da Ta Koma Abin Sha'awa

Maƙalarmu ta wannan mako a kan safa take, kuma mun san akwai wanda zai yi dariya tun daga jin sunan. A duk suturar da mutum ke sawa babu wadda aka raina kamarta. Ba a yi mata guga, ba a nuna ta in ana buɗe lefe, in wari ɗaya ya ɓace a wurin shanya ba a cigiya. Amma duk wanda ya bi tarihin saƙar tsinke, wato wadda ake yi da tsinke biyu ko huɗu ba da kwarashi ba, zai tarar da safa tsaye a kusan kowace kwana. Saboda ita aka ƙera injin saƙa na farko. A kan injinta aka taɓa yin dokar rataye mutum a Ingila. Sannan cikin mafi tsufan saƙar tsinke da ta rage a duniya akwai safa, ta Musulmi, daga Masar.

Kafin mu yi nisa bari mu raba kalmar, domin Hausa ta tara abubuwa da yawa a cikin "saƙa". Masaƙi yana saƙa, mai tabarma yana saƙa, mai kwarashi ma saƙa take yi. Masaƙin tufa da zare kashi biyu yake aiki, na tsaye da na kwance suna gitta juna, shi ya sa ƙyallensa ba ya miƙewa sosai in an ja shi. Saƙar tsinke kuwa zare ɗaya ne, a lanƙwasa shi ya zama ɗan madauki, a zuro wani madaukin ta cikinsa, haka har layi ya cika a hau na gaba. Kowane madauki a nan za mu kira shi ido. Abin da ke fitowa daga wannan aiki yana buɗewa ya koma, yana bin surar jiki. Ƙafar mutum kuma ba ta da sauƙin yi wa sutura: ƙwauri a tsaye, tafi a kwance, ga dunduniya ta yi kwana a tsakani. Kafin saƙar tsinke ta yaɗu, Turawa yankan ƙyalle suke yi su ɗinka shi da surar ƙafa, sai ya riƙa tattarewa a idon sawu, ɗinkin kuma yana cin fata.

Masar busasshiyar ƙasa ce, rairayinta ba ya cin tufa kamar yadda gara da damina ke cin namu, don haka can aka fi tono tsofaffin kayan sawa. A gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai wata jar safa ta ulu da aka tono a Bahnasa, wadda aka yi tsakanin ƙarni na 3 da na 5 Miladiyya. An ware wa babban yatsa wurinsa daban, domin da takalmi mai maɗauri tsakanin yatsu ake sa ta, kamar silifas. A babban gidan tarihin Birtaniya kuma akwai wari ɗaya na yaro, na ƙafar hagu, mai ratsi-ratsi. A 2018 masu bincike suka haska shi da na'ura, suka gano cewa da rinin tsirrai uku kacal, ja da shuɗi da rawaya, aka haɗa duk launukan da ke jikinsa. An daɗe ana ɗaukar irin waɗannan a matsayin saƙar tsinke, sai da masana suka bi zaren ido bayan ido suka ga ba ita ba ce. Da allura ɗaya mai kafa aka yi su, ana yanko zare guntu-guntu, a ja shi gaba ɗayansa ta cikin kowane madauki kamar mai ɗinki. Aiki ne mai cin rai, sai dai ba ya warwarewa in an ja bakin zaren. Ta tsinke kuwa, duk wadda ta taɓa jan bakin zaren tsohuwar rigar sanyi ta san yadda take zubewa.

Saƙar tsinke ta ainihi sai a zamanin Musulunci ta bayyana, a Masar ɗin dai, tsakanin ƙarni na 11 da na 14, daga mulkin Faɗimiyyawa zuwa na Mamlukawa. Da yawa daga guntayen an tsinto su ne a tsofaffin jujin Fusɗaɗ, birnin da Alƙahira ta haɗiye daga baya. Na auduga ne, fari da shuɗin baba, an jera musu zane layi-layi, wasu har da rubutu mai kama da Kufi. Abin lura shi ne ba aikin 'yan koyo ba ne. Zare biyu masu launi daban ake tafiya da su a layi ɗaya, idanun ƙanana, kuma an san yadda ake fitar da dunduniya. Wanda hannunsa ya kai nan gadon aikin ya yi, ke nan sana'ar ta girmi abin da aka tono. Mu da muke da marinar Ƙofar Mata, da za a ajiye mana hoton safar nan ba a gaya mana inda ta fito ba, za mu iya cewa a Kano aka rina zarenta.

Ɗaliban fiƙihu sun san kalmar jaurab, wadda ke zuwa tare da huffi a babin shafa. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, ana shafa a kan huffi, jaurab kuwa sai in an lulluɓe shi da fata. Wannan fagen malamai ne, ba za mu kutsa ba. Abin da ya shafe mu shi ne suturar ƙafa ta daɗe a littattafanmu tun Turawa ba su fara riƙe tsinke ba. Turkawa har yau da wannan kalma suke kiran safa, kuma a ƙauyukansu saƙar safa mai zane kala-kala tana cikin kayan da amarya ke tarawa kafin aure.

Ta Andalus sana'ar ta bayyana a Turai. A wani gidan ibada na Las Huelgas kusa da Burgos a Sifaniya, inda ake binne gidan sarautar Kastila, an samu matashin kai saƙaƙƙe na alharini a kabarin yarima Fernando de la Cerda, wanda ya mutu a 1275. Saƙar tana da kusan ido 20 a inci ɗaya, abin da ko a yau sai gwani. A gefen matashin an saƙa kalmar Larabci "baraka" ana maimaita ta. Ɗan sarkin Kirista yana kwance a kan albarkar da aka rubuta da haruffan Larabci, abin da ya sa masana ke ganin masaƙan Musulmi ne suka yi wa fadar aikin. Wannan ya kamata ya ba mu tunani, mu da muka taso muna kallon tsinke da ulu a matsayin aikin matan Turawa da 'yan mishan.

Daga nan ta bazu zuwa Italiya da Faransa da Jamus da Ingila, da farko a huluna da safar hannu ta manyan limaman coci. Maza ne ke riƙe da ita a birane, da ƙungiyoyin sana'a masu ƙa'ida, yaro ya shekara da shekaru yana koyo kafin a yarda ya ci gashin kansa. Abin da ya ɗaga darajar safa shi ne yayi. A ƙarni na 16 manyan mazan Turai suka koma sa gajeren wando mai kumbura, ƙafa a waje tun daga cinya, sai ƙwauri ya zama abin ado, kowa na son safar da za ta kama shi ba tattara. Ta alharini daga Sifaniya da Italiya ta zama kyautar sarakuna. An binne Eleanora ta Toledo, matar mai mulkin Florence, a 1562 da jar safar alharini, wadda ke cikin shaidu na farko na juyayyen ido, wato wanda ake zura tsinke ta gaba zaren ya fito ta baya. Ƙaramin abu ne a baki, amma da haɗa shi da ido na gaba ake samun bakin safa mai kama ƙwauri. Marubutan tarihin Ingila sun ruwaito cewa wajen 1560 wata mai yi wa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya hidima ta ba ta baƙar safar alharini saƙaƙƙiya, daga ranar ba ta ƙara sa ta ƙyalle ba.

Abin da sarauniya ta sa, talaka zai nemi irinsa ko da na ulu ne, kuma talakan ne zai saƙa. A ƙidayar matalautan birnin Norwich ta 1570 an rubuta yara ƙanana da aikinsu saƙar safa ne. A tsaunukan Yorkshire, musamman ƙauyen Dent, maza da mata da yara duk saƙa suke yi har ƙarni na 19. Dillali ya kawo ulu, ya dawo ya karɓi safa, ya biya ladan aiki. Suna da wani ɗan itace mai rami da ake sokewa a ɗamara a kafa tsinke ɗaya a ciki, hannu ya samu sauƙi, ta yadda mutum zai iya saƙa yana tafiya ko yana kiwo. Da dare a taru a gida ɗaya don a yi tattalin wuta, ana saƙa ana waƙa ana ba da labari, kamar dai yadda kakanninmu mata ke taruwa kaɗi da mazari ana tatsuniya. Mutanen tsibiran Shetland suna sayar wa masuntan Holan safa. A tsibirin Jersey abin ya kai har a farkon ƙarni na 17 hukuma ta hana saƙa a lokacin girbi, domin mutane sun bar gona sun rungumi tsinke. Ba don nishaɗi suke yi ba. Abinci suke nema, kuma ladan kaɗan ne.

Ana cikin haka, a 1589, wani mutumin Calverton kusa da Nottingham mai suna William Lee ya ƙera injin saƙar safa. Maimakon ido ɗaya bayan ɗaya, ya jera allurai masu ƙugiya, kowace da idonta, a taka da ƙafa a ja da hannu layi guda ya fita a lokaci ɗaya. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne Sarauniya Elizabeth ta hana shi takardar mallakar fasahar saboda tsoron kada talakawanta masu saƙar hannu su rasa abin yi. Abin da ya tabbata shi ne bai samu karɓuwa a gida ba, ya kwashe injinansa ya koma Rouen a Faransa, kuma ya mutu bai ci gajiyar aikinsa ba. Daga baya aka dawo da injinan Ingila, sana'ar ta kafu a Landan, sannan a yankin Nottingham da Leicester da Derby. Duk da haka sai da masu saƙar hannu suka ƙara kusan shekara 200 suna cin abinci, domin inji yana da tsada kuma a ɗaki yake zaune, tsinke kuwa ko almajiri zai iya mallaka, ya tafi da shi duk inda za shi.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Masu aiki da injin Lee, waɗanda suka rage wa masu tsinke kasuwa, su ma ranarsu ta zo. Yawancinsu ba su suka mallaki injin ba. Haya suke biyan attajiri duk mako, ko akwai aiki ko babu. A farkon ƙarni na 19, ga yaƙi da Faransa, ga tsadar abinci, sai attajiran suka ɓullo da wata dabara: a saƙa faffaɗan ƙyalle a babban inji, a yanka shi da almakashi, a ɗinka da surar safa. Tana da araha, tana kuma saurin zubewa tunda an yanke idanun. Lada ya faɗi, sunan sana'a ya ɓaci. A watan Maris na 1811 ma'aikata suka fara shiga da dare suna farfasa injina a Arnold kusa da Nottingham, suna cewa wani Ned Ludd ne shugabansu. Cikin shekara guda an fasa wajen inji 1,000. A 1812 majalisa ta yi doka cewa fasa injin saƙa laifin kisa ne. Mawaƙi Lord Byron, a jawabinsa na farko a majalisar dattawan ƙasar cikin Fabrairun wannan shekara, ya tsaya ya soki dokar, amma ta wuce. Yau in Bature ya kira mutum da sunan mabiya Ludd yana nufin baƙauye mai tsoron na'ura. A ganinmu an zalunce su a wannan suna. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan inji ba tsoronsa suke ba, kuma sau da yawa sukan tsallake injin attajirin da ke biyan lada daidai su fasa na maƙwabcinsa.

A tsakiyar ƙarni na 19 wani mutumin Leicester, Matthew Townsend, ya fito da allura mai ɗan murfi da ke buɗewa ya rufe da kansa. Duk wadda ke da keken saƙa a ɗakinta ta duba alluran da ke jere a kai, irinsu ne. Da wannan da injina masu aiki da tururi, safa ta koma kayan masana'anta, saƙar hannu ta daina ciyar da gida. A daidai lokacin ne kuma ta shiga falon masu hali. Matan da ba su da buƙatar ladan suka ɗauke ta abin cika lokaci, aka fara buga musu littattafan koyarwa, irin wanda Jane Gaugain ta Edinburgh ta fitar a 1840. A da daga hannu zuwa hannu ake koyo, yanzu ya koma takarda. Ga 'yan uwa marubuta, a ƙarshen littafin Tolstoy na yaƙi da zaman lafiya akwai wata mai reno da ke saƙa safa wari biyu a lokaci ɗaya, ɗaya a cikin ɗaya, in ta gama ta zaro ta cikin yara suna ihun murna. Dabarar gaskiya ce, akwai masu yin ta har yau.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar da abin sha'awa ya zama aikin ƙasa. Sojoji a Faransa da Beljiyam suna kwana da kwanaki a ramuka, cikin taɓo da ruwan sanyi, takalmi a ɗaure. Ƙafa ta kumbura, ta mutu, ta fara ruɓewa, wani sai an yanke. Ya wuce cin ruwan da muka sani a damina nesa ba kusa ba, kuma ya kwantar da dubun dubatar sojoji. Maganinsa na farko mai sauƙi ne: a bushe ƙafa, a shafa mai, a canja safa. To ina safar? A 1914 ministan yaƙin Birtaniya, Lord Kitchener, ya nemi Sarauniya Mary ta tara wa sojoji safa ƙafa 300,000. A 1917 ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta nemi ƙafa miliyan ɗaya da rabi. Mutanen Ostireliya sun aika fiye da ƙafa miliyan ɗaya. Ana saƙa a jirgin ƙasa, a makaranta, a coci, har maza da yara da sojojin da ke jinya. Akwai masu duba aikin kafin a aika, domin ƙulli ɗaya a tafin safa ya isa ya yi wa mai tafiyar mil goma bororo, bororo kuma a cikin wannan taɓo ba wasa ba ne. Wadda ba ta yi ba sai a warware a sake.

Daga nan aka samu wani suna da ya kamata mu tsaya a kansa. Akwai hanyar rufe bakin yatsun safa da allura, a bi idanun gaba da na baya a haɗe su ta yadda ba za a ji tudun ɗinki ba. Masu saƙa da Ingilishi suna kiranta ɗinkin Kitchener, duk da cewa dabarar ta girmi yaƙin, sunansa kawai aka liƙa mata. Kitchener ɗin nan shi ne wanda ya jagoranci rundunar da ta karya daular Mahadi a Omdurman ta Sudan a 1898, inda aka kashe mayaƙan Sudan wajen 10,000 a yini ɗaya, su kuma ba su rasa ko 50 ba. Shi ne kuma ya faɗaɗa sansanonin tsare mata da yara a yaƙin Afirka ta Kudu, inda dubbai suka mutu. Wata baiwar Allah tana zaune tana rufe wa jikanta bakin safa, tana ambaton wannan suna ba ta san mai shi ba. Shi ya sa a 'yan shekarun nan wasu masu koyar da saƙa suka daina amfani da sunan.

Yaƙi na Biyu ya maimaita abin. Bayansa kuma nailan, wanda aka fara sayar da safarsa a faɗin Amurka a 1940, da sauran zaren roba suka sa safar kanti ta yi arahar da gyaran tsohuwa ma ya zama ɓata lokaci. Zuwa shekarun 1980 saƙar safa da hannu ta zama aikin tsofaffi a yawancin Turai da Amurka, in ban da wurare irin Finlan da sanyi bai bari an manta ba. Yau wani yanki guda na ƙasar Sin, Datang a lardin Zhejiang, shi ke fitar da wajen kashi ɗaya cikin uku na safar duniya.

To me ya dawo da ita? Littattafai sun taimaka. Elizabeth Zimmermann a 1971 ta koya wa mutane su daina bautar takardar tsari su riƙa auna jikinsu suna lissafi da kansu. Wani bishop na Leicester, Richard Rutt, ya rubuta tarihin saƙar hannu a 1987, Nancy Bush kuma ta tattara salon safar al'ummomi a 1994. Kamfanonin Jamus irin Regia da Opal suka fito da zare mai ulu kashi 75 da nailan kashi 25 don kada dunduniya ta yi saurin hujewa, aka kuma rina shi ta yadda zane zai riƙa fitowa da kansa ana cikin saƙa. Sai intanet ta zo. A 2007 aka buɗe Ravelry, inda miliyoyin masu saƙa ke musayar tsari. Zaman kullen korona ya ƙara jawo wasu, har duniya ta ga ɗan wasan tsalle cikin ruwa na Birtaniya Tom Daley yana saƙa a cikin 'yan kallo a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021.

Amma a ganinmu babban dalilin yana cikin safar kanta. Ga yadda ake yin ta. A ɗora kamar ido 64 a raba su kan siraran tsinkaye uku ko huɗu masu baki biyu, a riƙa zagayawa da wani tsinken, sai bututu ya fito ba ɗinki. In an iso idon sawu sai a ajiye rabin idanun, a saƙa ɗaya rabin gaba da baya har ya zama ɗan faifai da zai rufe bayan dunduniya. Daga nan sai wurin da ke rikita ɗan koyo: a saƙa zuwa tsakiya, a haɗe ido biyu, a juyo tun layi bai ƙare ba, a sake haka ta ɗaya gefen, ana yi ana ƙara ido ɗaya, kwatsam sai ka ga shimfiɗaɗɗen abu ya lanƙwashe ya zama ƙoƙo daidai zaman dunduniya. Sai a tsinto idanu daga gefunan faifan, a koma zagaye, a riƙa ragewa har a dawo 64, a miƙe zuwa yatsu. Babu almakashi a ciki ko kaɗan, lissafi ne kawai da zare ɗaya. Duk kayan aikin za su shiga ƙaramar jaka, kuma curin zare mai nauyin giram 100, wajen mita 400, ya isa ƙafa ɗaya, wato wari biyu.

Ku yi lissafin da kanku. Ido 64 sau layi kamar 200 ya ba da 12,800 a wari ɗaya, 25,600 a biyun. Mai yin ido 30 a minti zai ci sama da awa 14. Babu kasuwar da za ta biya awa 14 a kan safa alhali ga ta Sin a kan tebur ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba. Shi ya sa masu yin ta yanzu ba sa sayarwa, sai dai su sa ko su bayar. Aikin da yaran Norwich suka yi don kada su kwana da yunwa, yau sai mai rarar lokaci da kuɗin zare mai tsada ke yin sa, kuma zaren kaɗai ya fi safar kanti kuɗi ninki da yawa.

Mu fa? Muna da auduga, muna da baba, fatakenmu sun san hanyar Masar da Tarabulus, amma saƙar safa ba ta zama sana'ar gado a ƙasar Hausa ba. Dalilan ba su da wuyar gani. Sanyinmu na 'yan watanni ne. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, masu gashi ne ba masu ulu ba, sai ka je Masina a Mali kafin ka tarar da tumakin da ake saƙa bargo da ulunsu. Sannan muna da dukawa da jemammiyar fatar da ta yi suna har Turai, don haka wanda ke son rufe ƙafa huffi yake nema. Tsinke da kwarashi sun fi shigo mana ta darasin aikin hannu a makarantun 'yan mata da cibiyoyin koyar da mata sana'a, waɗanda suka ƙaru bayan Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987. Abin da muke kira ulu a kasuwa ma yawanci zaren roba ne.

Inda saƙar ta samu gindin zama a wurinmu shi ne ɗakin mai jego. Riga da hula da 'yar safa, saiti guda, a kai barka ko ranar suna. Ba ado kawai ba ne. Jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, balle bakwaini ko wanda aka haifa ba nauyi, balle a tsakiyar hunturu. A tsarin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa na ɗora irin wannan jariri a ƙirjin uwa fata da fata, abin da ake bar masa a jiki shi ne nafkin da hula da safa. Matan da ke wannan saƙa a Kano da Zariya da Jos da Maraɗi ba su kai matsayin masu yi don sha'awa ba tukuna. Kuɗin cefane da na makarantar yara suke nema, kuma suna tsaye ne daidai inda mutanen Dent suka taɓa tsayawa, ga gwanjo ta wannan gefe, ga kayan Sin ta wancan. Mai saye zai ɗaga saitin da aka kwana uku ana yi, ya taya shi da farashin na leda, in ta ƙi ya ce ai zare ne kawai.